Sifiku masu tsada, sauti mai sukar kunne: abin da makirufo ya gano a cikin wata mota

Motar salun ce matsakaiciya mai ƙofa huɗu. Mai ita ya cire sifikun da ta zo da su daga kamfani, ya saka wasu na sahun gaba: wufa biyu, wato sifikun sauti mai kauri da na tsakiya, masu faɗin santimita 16.5 a ƙofofin gaba, da tuwita biyu, wato ƙananan sifikun siririn sauti, a kan dashbod dab da gilashi, tare da 'yan akwatunan da ke raba musu sauti. Rediyon kamfani aka bari yana tura su, ba a ƙara amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin wutar da ke tura sifika) ba. Bayan an gama aiki sai ga ƙorafi. Bes, wato sauti mai kauri, ya ragu kan na da. Muryar mawaƙi ta koma kamar daga ƙofar da ke gefen gwiwarsa take fitowa. Idan kuma ya ƙara murya, sautin kan yi kaifi har ya riƙa sukar kunne, dole ya rage.

Wanda ya haɗa masa ya ba shi haƙuri, ya ce sabuwar sifika sai ta warware tukuna. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin robar gefen faifan da zanen da ke riƙe koyil (naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan) sukan ɗan saki bayan an yi amfani da su. Amma canjin kaɗan ne, kuma ba shi zai ɗauko murya daga ƙofa ya kai ta tsakiyar dashbod ba. Da jira ya ƙi ƙarewa, mai motar ya fara zargin ko jabu aka sayar masa, ko kuma alƙaluman da ke jikin kwali ƙarya ne. A nan aka shigo da awo.

Kayan awon ba wasu na a zo a gani ba ne: makirufo na awo irin UMIK-1, kwamfuta mai manhajar REW, da tef na auna tsayi. Manhajar tana sakin sauti da ke hawa daga mafi kauri zuwa mafi siriri, makirufo ya ɗauka, sai ta zana layi da ke nuna ƙarfin kowane sashe. Ana ƙidaya kauri da sirantar sauti da Hz, wato sau nawa iska ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya kan ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Ƙarfi kuma ana auna shi da desibel.

An fara da wanke sifikun daga zargi. Aka cire wufa ɗaya da tuwita ɗaya, aka ɗaura su a kan faffaɗan katako a fili, aka auna su daga gaba kai tsaye. Layin ya fito a miƙe, kusan daidai da wanda kamfanin da ya ƙera sifikun ya buga. Ba jabu ba ne, kuma kamfanin bai yi ƙarya ba. Sai dai ya kamata a san yadda ake samo irin wannan zane: a ɗakin da aka lulluɓe bangonsa don kada ya amsa kuwwa, makirufo yana fuskantar sifika daga nisan mita ɗaya, babu gilashi, babu kujera, babu ƙafar mutum a tsakani. Ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa babu shi a cikin mota.

Wani abin lura a kan kwalin, tunda an zo kansa. An rubuta ƙarfin da sifikar ke bayarwa a kan bolt 2.83. Wannan adadi wat ɗaya ne idan sifikar mai om 8 ce, irin ta gida (om shi ne ma'aunin juriyar da sifika ke yi wa wuta). Sifikun mota galibi om 4 ne, don haka bolt 2.83 wat biyu yake zama, kuma ninkin wuta desibel 3 yake ƙarawa. Duk wanda ya kwatanta kwalin da aka rubuta da bolt da wanda aka rubuta da wat ɗaya, ya ba na farkon kyautar desibel 3 bai sani ba.

Da aka mayar da sifikun mazauninsu aka ajiye makirufo a inda kan direba yake, sai layin ya zama tudu da kwari. An auna kowane ɓangare, hagu da dama, shi kaɗai, sannan aka haɗa biyun, kuma wannan rabawar ce ta tona asirin yawancin matsalolin.

Batun bes ya fi sauƙin ganewa. Faifan sifika yana tura iska ta gaba a daidai lokacin da yake janye ta ta baya, saboda haka sautin baya kishiyar na gaba ne. Idan suka haɗu sai su kashe juna, kuma sauti mai kauri ya fi saurin zagayowa saboda tsawon zangonsa, wato tazarar da kaɗawa ɗaya take ci a iska. Ƙarfen cikin ƙofar mota cike yake da manyan ramuka da aka bari don gyaran gilashi da makulli, leda kawai ke rufe su. Sifikar kamfani ta zo da gidanta na roba da soso da ke manne ta da murfin ƙofa. Da aka cire ta aka cire har da gidan, aka ɗaure sabuwar a kan siririn zobe mai gibi ta gefe. Wato sabuwar wufar ta fi tsohuwar ƙarfin tura iska, amma rabin aikinta tana yinsa ne wajen soke kanta. Banda haka, fallen ƙofar na waje yana karkarwa tare da ita; ɗora tafin hannu a kai kawai ya isa mutum ya ji.

Rediyon ma yana da nasa hannun. Da aka auna wutar da ke fita daga wayoyinsa kai tsaye, ba tare da sifika ba, sai aka ga ba a miƙe take ba. Masu ƙera motoci da yawa sukan gina gyaran sauti a cikin rediyon don ya dace da sifikunsu masu sauƙi, har da rage bes yayin da ake ƙara murya don kada su fashe. Wannan gyara yana nan daram ko da an canja sifika. Ga kuma ƙarancin ƙarfi. Rediyon da ke aiki da wutar mota kai tsaye, wajen bolt 14.4 idan inji na aiki, abin da yake iya bai wa sifika mai om 4 ba tare da ya gurɓata sauti ba yana kusa da wat 20, ko da an rubuta 50 a jikinsa. Idan aka matsa masa ya wuce nan sai ya datse kan igiyar sautin, datsewar kuma ta haifi wasu sirara-siraran sautuka da babu su a waƙar. Tsohuwar sifika ba ta iya fitar da su sosai. Sabuwar tuwita kuwa, saboda kyawunta, babu wanda take ɓoyewa.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankali shi ne batun murya da ta maƙale a ƙofa. Tef ya nuna santimita 95 daga kan direba zuwa wufar da ke gefensa, da 135 zuwa ta ɗaya ƙofar. Bambancin santimita 40 ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka na kusa yana riga na nesa isowa da kimanin milisakan 1.2 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Adadin kamar ba komai ba, amma ƙwaƙwalwar mutum da sautin da ya fara iso mata take yanke hukuncin inda abu yake. Helmut Haas ya yi nazarin wannan a Jamus a ƙarshen shekarun 1940, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Jinkirin da ya kai milisakan ɗaya ya isa ya janye murya gaba ɗaya zuwa sifikar da ta fi kusa. Ƙari a kan haka, kusancin kaɗai yana ba ta fifikon wajen desibel 3.

Santimita 40 ɗin nan suna da wata ɓarnar ta biyu. Duk sautin da rabin zangonsa ya yi daidai da wannan tazara, idan ya fito daga ƙofofin biyu, zai iso kunne ɗaya yana turawa ɗaya yana ja. Zangon santimita 80 ya faɗo a wajen Hz 430. A nan ne kuwa layin haɗin ɓangarorin biyu ya nuna kwari mai zurfi, alhali kowane ɓangare shi kaɗai ba shi da shi. Wannan yanki ne da jikin muryar mutum yake, da ƙasan jita da fiyano. Idan ya rame sai murya ta zama ba tsoka, abin da ke sama ya fito fili, mai sauraro ya ce sauti ya yi kaifi.

Kaifin yana da wasu iyayen biyu. Na farko, wufa ba ta watsa sauti daidai ta kowace fuska. Ɓangaren faifan da ke aiki bai wuce faɗin santimita 13 ba, kuma da zarar zangon sauti ya kusanci wannan faɗi, wato daga wajen Hz 2,000 zuwa sama, sai ta fara harba shi gaba kawai. Wufar da ke ƙofar direba ba shi take kallo ba, ƙafar fasinja take kallo, direban yana jin ta ne ta gefe sosai. Akwatin raba sautin da ya zo da sifikun an tsara shi ne da zaton mai sauraro yana gaban wufa da tuwita, kuma suna kusa da juna. A motar nan wufa ta riga ta dusashe a kunnen direba kafin tuwita ta karɓa, sannan tuwitar, wadda take kusa da fuskarsa, ta shigo da ƙarfinta duka. Abin dariyar shi ne wufar ƙofar nesa ta fi fuskantar direba, don haka hagu da dama ba ma launin sauti ɗaya suke ba shi ba, ko da yake tagwaye ne daga kwali ɗaya.

Na biyu gilashi ne. Tuwitar tana zaune dab da shi, sautinta yana isowa sau biyu: kai tsaye, da kuma wanda ya daki gilashi ya dawo. Idan hanyar ta biyu ta fi ta farko da santimita 5, za a sami kwari a wajen Hz 3,400 da tudu a wajen 6,900, su ci gaba da maimaituwa zuwa sama kamar haƙoran matsefi. Kunnen ɗan Adam ya fi ji tsakanin Hz 2,000 da 5,000, saboda haka duk wani rashin daidaito a nan ba ya ɓoyuwa.

Gyaran ya bi tsari ɗaya: abin da hannu zai gyara a fara da shi, kafin a taɓa na'ura. Aka toshe ramukan ƙofa, aka manna shimfiɗar robar butil a fallen ƙarfe don ya daina karkarwa, aka yi wa wufa mazauni mai kauri da babu gibi, aka zagaye gabanta da soso don sautinta ya bi ta ragar murfi maimakon ya ɓace a bayansa. Wannan kaɗai ya dawo da bes fiye da na da, ba a ƙara wat ko ɗaya ba. Aka ɗauke tuwitocin daga gindin gilashi zuwa ginshiƙan gefe, aka karkato su. Sannan aka kawo amfilifaya da na'urar sarrafa sauti ta DSP, aka cire akwatunan raba sauti, kowace sifika ta sami layin wutarta. DSP ta warware gyaran da rediyon ke cusawa, ta jinkirta sifikun kusa har sautin kowa ya riƙa isowa tare, ta rage musu ƙarfi kaɗan. Aka sauko da mahaɗar wufa da tuwita, wato inda tuwita ke karɓar sauti daga wufa, ƙasa da inda take, gwargwadon abin da tuwitar za ta iya ɗauka, aka kuma sa rabuwar ta yi tsauri.

Kwarin Hz 430 ya ba da darasi mai kyau. Kafin a saita jinkiri, mai haɗawar ya gwada cike shi da ikwalaiza, wato abin da ke ƙara ko rage ƙarfin wani sashe na sauti. Bai ciku ba. Ƙarin desibel 10 yana cin wuta ninki goma, kuma tunda ɓangarorin biyu ne ke soke juna, ƙara musu ƙarfi tare zuba ruwa ne a kwando. Da aka daidaita lokacin isowa sai kwarin ya rufe da kansa. Abin da ikwalaiza ta iya shi ne sassabe tudu. Ramin da sokewa ta haƙa sai an cire dalilinsa.

An kuma yanke wa wufofin duk abin da ke ƙasa da Hz 80, aka bar shi ga ƙaramar sabwufa, wato sifikar sauti mafi kauri, a but. Dalilin lissafi ne: duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi, sai faifai ya yi tafiya ninki huɗu kafin ya ba da ƙarfi iri ɗaya. Wufar da ke fama da Hz 40 tana kai da komo har ƙarshen iyakarta, kuma a kan wannan faifan ne murya ma take hawa. Sauke mata nauyin ya wanke tsakiyar sautin. Mota kuma tana taimakon sabwufa, domin a ƙaramin rufaffen wuri sautin da ke ƙasa da wajen Hz 60 zuwa 80 ƙaruwa yake yi da kansa.

Daga nan aka saita layin ya miƙe sambal daga ƙasa har sama, aka kira mai motar. Bai so shi ba. Ya ce murya ta dawo tsakiya, kaifi ya tafi, amma sautin ya bushe. Mutum zai iya ɗauka a nan awo da kunne suka raba gari. Ni ban ga haka ba. Makirufo a cikin mota yana tattara sautin kai tsaye da na kuwwa ne a dunƙule, kuma sifikar da take a miƙe a ɗakin gwaji, idan aka auna ta haka a cikin ɗaki na sosai, layinta kan gangara ne daga bes zuwa sama. Wanda ya tilasta wa layin ya miƙe a mota ya ƙara siririn sauti ne fiye da kima. Ga kuma gurnanin taya da inji, wanda yawancinsa mai kauri ne, yana binne bes da zarar an hau titi. Aka ɗaga ƙasan, aka bar saman ya sauka a hankali, aka gwada motar tana tafiya. A nan ya amince. An yi wannan awon ne ana zagaya makirufo a kewayen kai ana ɗaukar matsakaici, domin a sama da Hz 1,000 matsar da shi da faɗin hannu kaɗai kan canja zanen, kuma babu direban da ke riƙe kansa wuri ɗaya.

Saura tambayar da ta fi damunsa: to kuɗin da ya zuba a sifikun fa, sun yi rana? Tambaya ce mai wuyar amsawa da kunne, saboda ido yana shiga tsakani. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman mai ƙera kayan sauti sun sa ma'aikata 40 sun saurari sifikun gida iri huɗu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule. Da ana gani, manya masu tsada suka yi zarra. Da aka rufe, tazarar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi ba da mamaki, da aka canja wa sifikun wurin zama a ɗakin, masu sauraro a bayan labule sun ji bambancin, amma da suna kallo makinsu bai motsa sosai ba. A nan kam gani ya kori ji. Bayan shekara goma, a 2004, Olive ya nuna cewa daga cikakken awon sifika ta kowace fuska ana iya hasashen wadda mutane za su fi so. A kan sifiku 70, dacewar hasashen da zaɓin masu sauraro ta kai 0.86, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar dacewa. Awo da daɗin ji ba abokan gaba ba ne, matuƙar an auna abin da ya kamata, ba layi ɗaya daga gaba kawai ba.

Don a kauce wa ido, aka ari wasu sifiku masu matsakaicin daraja, girma ɗaya, aka saka su a ƙofofin da aka riga aka gyara, aka saita su a kan layi ɗaya da ƙarfi ɗaya. Daidaita ƙarfin wajibi ne, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi kunne ke ba gaskiya. Canja sifika a ƙofa yana cin lokaci, kunne kuma ba ya riƙe launin sauti na tsawon haka, saboda haka aka naɗi kowane saiti daga mazaunin direba, aka riƙa kunna masa naɗin biyu ta belin kunne ana sauyawa nan take, bai san wanne ne wanne ba. Gwaji ne na mutum ɗaya a mota ɗaya, bai kai a gina hukunci a kan dukan sifiku da shi ba. A matsakaiciyar murya ya kasa rarrabe su da tabbaci. Da aka kai ƙarar da yake so idan yana kan babbar hanya, sai ya riƙa zaɓar masu tsadar, yana cewa ɗayan kamar murya tana shaƙewa idan ganga ta shigo.

Awon gurɓacewar sauti ya goyi bayansa. A ƙaramar murya layukan biyu suna kusa. A babba, na masu matsakaicin darajar ya yi sama a yankin Hz 80 zuwa 200, na masu tsadar ya tsaya ƙasa. Dalilan suna cikin ƙirar injin sifikar. Alƙaluman Thiele da Small, waɗanda aka gina tun daga aikin Neville Thiele na 1961 da na Richard Small a farkon shekarun 1970, suna bayyana halin sifika ne lokacin da faifai ke ɗan motsi kaɗan. Idan ya yi nisa, koyil yana fara fita daga inda maganaɗisu ke da ƙarfi, abin da ke riƙe shi kuma yana ƙara tauri, turawa ta daina bin waƙa sau da ƙafa. Irin wannan ne na'urorin kamfanin Klippel na Dresden suke aunawa, kuma ba kasafai ake buga sakamakonsa a kwali ba. Ga zafi: juriyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, don haka koyil da ya ƙara digiri 100 juriyarsa ta hau da kusan kashi 40 cikin ɗari, sautin ya ragu da kusan desibel 3 ana tsaka da waƙa. Babban koyil mai saurin huce zafi, da zoben jan ƙarfe a cikin maganaɗisu, da tazarar motsi mai tsawo, su ne abin da mai motar ya biya. Da rediyon wat 20 da ƙofa mai ramuka, bai taɓa kaiwa inda za su yi masa amfani ba.

Abu biyu ba su gyaru ba. Akwai wani siririn kwari a ɓangaren direba kaɗai, a ƙasan tsakiyar sauti, wanda ke zuwa daga sautin da ke dukan mazaunin sandar giyar mota da ƙasan dashbod ya dawo. Ba jinkiri ba ikwalaiza da ta taɓa shi, sai dai a matsar da wufar daga ƙofa, mai motar kuma bai yarda a yanka masa mota ba. Sannan jinkirin da ya kai murya tsakiya ga direba ya ƙara tura ta gefe ga wanda ke kujerar fasinja, domin shi sifikun da aka jinkirta su ne dama suke nesa da shi. Aka ajiye saiti biyu a cikin DSP: ɗaya na direba shi kaɗai, ɗaya kuma mara jinkiri tsakanin hagu da dama, na lokacin da ya ɗauko wani a gaba.